A Gyara Tsarin Maki Kafin A Buɗe Gasar Yaƙin Kan Tebur

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan wani shiri da wasu matasa, akasarinsu ɗalibai, suke yi a nan Sakkwato na gudanar da gasar wasan yaƙi na kan tebur. Sun nuna mini daftarin dokokin da suka tsara, na karanta shi da natsuwa, kuma na ga ya dace in faɗi ra'ayina a fili, saboda na san akwai irinsu a wasu garuruwa da za su yi sha'awar kwaikwayon abin da aka yi a nan, kuma kuskuren da aka fara da shi shi ne yakan zama al'ada.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan na mutum biyu ne. Kowane yana zuwa da rundunarsa ta ƙananan siffofi na roba ko na dalma, waɗanda tsayin dakare a cikinsu bai cika wuce milimita 28 zuwa 32 ba, a jera su a kan tebur mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4, wanda aka shirya wa tuddai da kurmi da kangaye. Ana auna tafiyar kowane rukuni da tef, da inci kamar yadda tela yake awo, sannan ɗan ludo mai fuska shida ne yake yanke ko sara ya samu ko ya kuskure. Rundunonin na duniyar tatsuniya ne: barade da 'yan baka a gefe guda, dodanni da matsafa a ɗaya gefen. Asalin irin wannan wasa yana komawa ga sojojin daular Furusiya ta Jamusawa, waɗanda a 1824 wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar musu da shi domin horar da hafsoshi a kan taswira. Wanda ya fi yaɗa na tatsuniya shi ne Warhammer, wanda kamfanin Games Workshop na Ingila ya fitar a 1983, kuma daga baya wasu suka biyo baya, kamar Kings of War na kamfanin Mantic.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sashen maki. Daftarin ya ɗauko tsarin nan da aka daɗe ana amfani da shi a gasannin Turai, inda ake raba maki 20 tsakanin 'yan wasa biyu a kowace karawa. Idan an yi kunnen doki, kowa ya samu 10. Idan tazarar ƙarama ce, a ba wanda ya ci 11 ko 12, abokin karawarsa ya ɗauki ragowar, haka tazarar take ƙaruwa har a kai 20 da babu ga wanda ya share rundunar abokinsa kakaf. Tsarin yana da alheri, kuma ba zan ɓoye shi ba: yana sa wanda ya ga alamar faɗuwa ya ci gaba da fafatawa har ƙarshe, tunda bambancin maki 3 da maki 7 zai yi masa amfani a jimla. Matsalar ita ce matasan sun mai da shi ma'auni ɗaya tilo na fitar da zakara, kuma a nan ne lissafi yake ba da abin da babu mai hankalin da zai karɓa.

A ɗauka an yi zagaye huɗu. Wani ɗan wasa ya ci duk karawarsa huɗu, amma ya gamu da gwanaye ne, saboda haka kowace ya ci ta da 12 da 8, jimlarsa ta kama 48. Wani kuma ya sha kashi a hannun wannan na farko a zagayen buɗewa, ya tashi da 8, sannan ya faɗa cikin sababbin shiga ya lallasa mutum uku da 18 da 2 kowannensu, jimlarsa ta kama 62. Bisa daftarin da ke hannuna, na biyun ne zai ɗauki kofi, alhali mutumin da ya kayar da shi, wanda kuma babu wanda ya kayar, yana tsaye a baya da tazarar maki 14. Duk wanda ya taɓa zuwa kallon kokawa ya san abin da taro zai yi idan aka ɗaga hannun wanda bayansa ya taɓa ƙasa aka bar wanda ya kā da shi. Illar ba ta tsaya ga rashin adalci ga gwani ba, domin tsarin yana koya wa ɗan wasa cewa ribarsa tana ga wulaƙanta sabon shiga, ya ƙi sassauta masa ko da nasara ta riga ta tabbata. A gari irin namu, inda masu wannan sha'awa ba su da yawa, yaron da aka yi wa 20 da babu sau uku a ranarsa ta farko da wuya ya sake dawowa.

Shawarata ita ce a jera ma'auni uku, kowane ya yi aiki ne kawai idan na gabansa ya kasa raba gardama. Na farko shi ne sakamakon karawa kansa, maki 3 ga nasara, 1 ga kunnen doki, babu ga faɗuwa, wato tsarin da duk mai bin ƙwallon ƙafa ya sani, wanda Ingila ta fara aiki da shi a gasarta a 1981 kuma gasar kofin duniya ta karɓa a 1994. Idan mutum biyu sun yi daidai, sai a duba jimlar makinsu na cikin ashirin ɗin nan, wanda hakan ya bar wa tsarin alherinsa ba tare da ya zama sarki ba. Idan har yanzu suna daidai, a tara makin duk abokan karawar kowannensu, wanda ya fuskanci masu ƙarfi shi ne a gaba. 'Yan wasan chess, wato darar Turawa, sun daɗe suna raba gardama da wannan hanya ta uku, kuma ba ta buƙatar komai sai takarda da biro.

Akwai kuma batun abin da ake kira nasara. Daftarin ya ce wanda ya fi hallaka sojojin abokinsa, gwargwadon ƙimarsu, wato lambar da littafin dokoki ya ba kowane rukuni bisa ƙarfinsa, shi ne ya ci. Wannan doka tana haifar da wasa mai gajiyarwa, domin mai wayo zai cika rundunarsa da 'yan baka, ya harbe rukuni ɗaya a farkon wasa, sannan ya janye zuwa kusurwar tebur ya jira lokaci ya ƙare. Maganin da masu shirya gasa suka daɗe da ganowa shi ne a ɗora nasara a kan riƙe wurare: a sa alamomi uku ko biyar a filin daga, kamar rijiya da gada da kan tudu, wanda ya fi riƙe su a ƙarshen wasa shi ne ya ci, ƙimar waɗanda aka hallaka kuma ta shiga lissafin tazara kawai. Ya kamata kowane zagaye ya zo da nasa tsarin wuraren, kuma a bayyana su tun kafin ranar gasa, domin kada wata irin runduna ɗaya ta dace da dukkansu.

Na yaba wa matasan da suka guje wa tsarin sili ɗaya ƙwale, wanda zai sallami rabin mahalarta gida bayan karawa ɗaya, amma abin da suka zaɓa, wato kowa ya kara da kowa, ba zai yiwu ba. Mutum 16 suna buƙatar zagaye 15 a wannan tsari. Abin da ya dace shi ne tsarin Suwizalan, wanda aka fara amfani da shi a gasar chess a birnin Zurich a 1895. A zagayen farko a haɗa mutane da ƙuri'a, daga nan kuma kowa ya kara da wanda makinsu ya zo kusa, ba tare da mutum biyu sun haɗu sau biyu ba. Da wannan tsari zagaye uku sun isa ga mutum 8, huɗu ga mutum 16, biyar ga mutum 32, kuma a ƙarshe ba za a samu fiye da mutum ɗaya da ya ci duk karawarsa ba. Idan adadin mahalarta bai rabu biyu daidai ba, a tanadi wani da zai cike gurbi ba tare da neman kofi ba, ko kuma a ba na ƙasan jadawali hutun zagaye tare da makin nasara maras tazara mai yawa, kuma kada mutum ɗaya ya samu wannan hutu sau biyu.

Lokaci shi ne abin da daftarin ya kwafo daga waje ba tare da duba inda muke ba. A gasannin can, runduna mai ƙimar 2,000 ita ce aka saba, kuma karawa ɗaya takan ci sa'a biyu da rabi ko uku. A Sakkwato babu tazarar da za ta ɗauki wannan tsakanin azahar da la'asar, kuma ba daidai ba ne a bar tebur a tsakiyar wasa ba tare da doka a kan wanda zai tsare shi ba. Idan aka rage ƙimar zuwa 1,000, aka ba kowace karawa minti 90, za a iya yin biyu da hantsi, ɗaya bayan azahar, ɗaya bayan la'asar, a tashi kafin magariba. A raba mintunan 45 da 45 da agogon chess, mai ƙirga wa kowane ɗan wasa lokacinsa daban, wanda ake samu kyauta a wayar hannu, kuma a rubuta cewa ba a tsayar da wasa sai dukkan 'yan wasan biyu sun yi juyi daidai wa daida, domin jan ƙafa da gangan idan mutum yana kan gaba tsohuwar dabara ce. A kuma guji watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yakan haura digiri 40, ga wutar lantarki ba tabbas.

Dokar da ta ce dole kowa ya zo da siffofin kamfani na asali, kuma fentattu, ina ganin a soke ta. Da canjin kuɗi na yanzu da kuɗin jigila daga Ingila, wannan doka za ta mai da gasar ta 'ya'yan masu hali kaɗai. Abin da yake tasiri a wasa shi ne girman gindin da rukuni yake tsaye a kai, saboda da shi ake awo. Matuƙar gindin ya yi daidai da abin da littafin dokoki ya faɗa, kuma an rubuta sunan rukunin a jiki yadda abokin karawa ba zai ruɗe ba, a bar mutum ya zo da na katako ko kwali ko laka. Hafsoshin Furusiya ma da 'yan tubala ja da shuɗi suka yi nasu, kuma wannan sassauci zai buɗe ƙofa ga wanda ba ya son ajiye siffar mai rai a gidansa saboda dalilin addini. Teburin kansa ba wahala, tunda faifan katako na ƙafa 8 da 4 da ake sayarwa a kasuwa, kafinta zai rage masa ƙafa biyu ne kawai. Mai fenti mai kyau a ba shi kyautarsa daban, kada makin ado ya shiga jimlar neman kofi.

Haka nan makin ladabi. Daftarin ya ba kowane ɗan wasa ikon ba abokin karawarsa daga 1 zuwa 5, a haɗa da jimla. Wanda aka kayar yana cikin ɓacin rai, kuma an miƙa masa hanyar ramuwa a ɓoye, abokai kuma za su riƙa cika wa juna biyar. Ya fi kyau a ƙarshen rana kowa ya rubuta sunan mutum ɗaya da ya fi jin daɗin karawa da shi, a ba wanda ya fi ƙuri'a kyauta ta musamman, ladabtarwa kuma a bar ta a hannun alƙali, ya yi gargaɗi, ya zare maki, ya kori wanda ya yi maguɗi. Alƙalin nan kada ya kasance cikin masu takara, hukuncinsa ya zama na ƙarshe a lokacin wasa ko da daga baya za a tattauna shi. A karɓi jerin rundunar kowa mako guda kafin gasa domin a duba lissafinsa, a jefa ɗan ludo a cikin faranti a idon abokin karawa, ɗan ludon da ya jingina ko ya faɗi ƙasa a sake jefa shi, kuma kowa yana da ikon neman shi da abokin karawarsa su yi amfani da 'ya'yan ludo guda a tsakaninsu.

Akwai abu biyu da ba su cikin kowane littafin dokoki na waje amma dole su shiga namu. Malamanmu suna da magana mai nauyi a kan wasa da ɗan ludo, kuma ba ni ne zan ba da fatawa ba, sai dai ina ba masu shiri shawara su je su tambaya tun yanzu, su haramta duk wani zubi a gefen tebur, kuɗin shiga ya tsaya ga hayar ɗaki da ruwan sha, kyauta kuma ta fito daga wani mai tallafi, kada ta zama tarin kuɗin 'yan wasa da mutum ɗaya zai kwashe. Na biyu, na ji wasu suna cewa a bar dodanni a shirya yaƙin Tafkin Kwatto na 1804 ko na Alkalawa na 1808. Ban goyi bayan wannan a gasa ba. Jikokin ɓangarorin biyu, wato jama'ar Shehu Ɗan Fodiyo da Gobirawa, maƙwabta ne kuma surukai a yau, kuma ba abin da za a ƙaru da shi idan ɗan ludo ya sake yanke hukunci a tsakaninsu a gaban 'yan kallo. Tatsuniyoyinmu suna da dodanni da aljanu da isassun 'yan lifida da za a gina runduna da su ba tare da an taɓa kakan kowa ba.

Ina kira ga masu shirin da su gyara daftarin, su rubuta shi da Hausa a shafi biyu ko uku tare da jadawalin tazarar maki a fili, su raba shi ga mahalarta aƙalla mako biyu kafin ranar, kuma su yi gwaji da mutum takwas kafin su gayyaci baƙi daga Gusau ko Birnin Kabi.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Mabera, Sakkwato