Sanarwa ga ƴan gurup: buguwar kai ba abin wasa ba ne

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ku yi haƙuri da dogon rubutu, abin da ya sami yaron maƙwabcinmu ne ya hana ni barci. Ya faɗo daga kan mashin ba hular kwano, ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa har yana dariya, can bayan isha'i sai amai, sai barcin da aka yi ta jijjiga shi bai tashi ba. Ashe jini ne ke taruwa cikin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa, waje kuwa ko ƙwarzane babu. Yanzu yana asibiti, a saka shi a addu'a.

Raunin ƙwaƙwalwa wani daga waje yake zuwa, hatsarin mota ko mashin, faɗowa daga bishiya ko bene, duka da gora. Wani kuma daga ciki, kamar hawan jini ya fasa jijiya ko jijiyar ta toshe ɓarin jiki ya shanye, ko sanƙarau, ko maleriya ta hau kan yaro. Rashin iska ma haka, nutsewa a kududdufi ko hayaƙin janareta a ɗaki rufe, kamar minti 5 ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa.

Don Allah duk wanda ya bugu a kai, in aka ga yawan amai, suma, fizge-fizge, maganarsa ta rikice, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, kar a tsaya shafa man zafi ko jiran gari ya waye, a kai shi asibiti likita ya duba ko sai an yi hoton kai. Wajen ɗaukarsa kuma a tallafe wuya kar ya lanƙwashe.