Zuwa ga aminiyata a Injamena, kan maganar Ɗan Fari

Assalamu alaikum ƙawata,

Ya kike, ya maigidan, ya yara, ya zafin Injamena? Mu nan Garwa lafiya lau alhamdulillahi, sai rana da ta sa mu gaba, tun ƙarfe tara na safe ba mai iya taka tsakar gida ba takalmi, kilando ma, wato babur ɗin haya, in ka hau sai kujerar ta gasa ka kafin ka kai kasuwa. Shirun nan ya yi yawa fa, tun sallah ban ji muryarki ba sai ɗan "ya gida" da kike jefo min a WhatsApp ki ɓace, Goggo kullum sai ta ce wai ko kin zama 'yar Cadi kin manta da masu folere. Bari in fara da abin da ya hana ni sukuni, maganar zomonku Ɗan Fari.

Hoton da kika sa a status ranar Juma'a, Auta ta rungumo Ɗan Fari, ga ɓallin biredi a gabansa ga kwanon shinkafa. Na buɗe hoton na ƙara masa girma ina ta kallo. Wuyansa ya ninke, alhali namiji ne, macen zomo ce aka sani da wannan tattarar ta ƙarƙashin haɓa, bayansa ya baje, kuma in idona bai yaudare ni ba akwai kashi manne a gashin ƙarƙashin wutsiyarsa. Na san ke a wajenki ƙiba alamar jin daɗi ce, tun muna lekol haka kike, duk wanda ya shigo gidanku sai kin cusa masa abinci har ya kasa tashi, maigidanki ma shaida ne, mun ga tumbin a hoton sallah. To shi mutum ne zai iya ɗauka, zomo ba zai iya ba. A tafin hannuna na ɗauki ɗan nan ranar da ya buɗe ido, shi ya sa nake jin abin har cikin raina, don Allah ki karanta har ƙarshe.

Abincin zomo ciyawa ce. Busasshiyar ciyawa mai kyau, kullum tulin da ya kai girman jikinsa, dare da rana kar ta yanke a gabansa, likitocin dabbobi suna cewa ita ce kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na abin da ya kamata ya ci. Dalili na farko haƙora, guda 28 gare shi kuma ba sa daina tsiro har ya mutu, na gaba suna ƙaruwa wajen milimita 2 zuwa 3 duk sati, taunar ciyawa ce take goge su, in biredi yake ci mai laushi sai turamen su yi tsini su riƙa yankar masa harshe da kumatu, ki ga yawu na zuba ya daina cin abinci ki rasa dalili. Na biyu ciki. A hanjinsa akwai wata babbar jaka cike da ƙwayoyin halitta masu amfani, su ne suke narka masa ciyawa, kuma hanjin ba ya son tsayawa ko kaɗan, tsawon zaren ciyawar ne yake tura komai gaba. Da kin cika shi da shinkafa da biredi da makala da sukari sai miyagun ƙwayoyin su rinjayi na kirki, iska ta taru, ciki ya kumbura, ga shi zomo ba ya amai, duk abin da ya haɗiye sai dai ya bi ta ƙasa.

Kashin nan da na gani manne shi ya fi tayar min da hankali. Zomo kashi iri biyu yake yi. Akwai busasshe zagayayye wanda kike sharewa, mai lafiya yana yin 200 zuwa 300 a rana, in kin murje ɗaya sai ki ga garin ciyawa. Akwai kuma mai laushi, ƙanana manne da juna masu sheƙi da wari, yawanci da dare ko da asuba yake fitowa, shi kuma cinye shi yake yi tun daga jikinsa, kar ki yi ƙyama kar kuma Auta ta hana shi, haka Allah ya halicce shi, a nan yake samun bitamin B da sauran abin gina jiki. To in ya yi ƙiba ba ya iya lanƙwasawa ya kai baki wurin, ko kuma ya ƙoshi da kayan daɗi ya ƙyale shi, sai ya zauna a kai ya manne a gashi. Damina na tafe, ƙudaje za su yi ƙwai a wurin, cikin kwana ɗaya tsutsa ta ƙyanƙyashe ta fara cin naman. Yau ɗin nan ki ɗaga shi ki duba, ki goge da tsumma da ruwan ɗumi ki busar, kar ki tsoma shi cikin bokiti da sunan wanka.

Af, kafin in manta, an sa ranar ƙanwar su Ladi, bayan babbar sallah, kuma wanda muke zato ne ba ɗan Yelwa ba. Baffa ya yi ta faɗa da farko, yanzu shi ne yake zagaya dangi da goro. An ce anko kala biyu za a fitar, in kina so ki faɗa da wuri in sa a ajiye miki.

Na san abin da maƙwabtanki za su ce, ki sayo harawa. Ko'ina harawa ake sayarwa saboda raguna, kuma zomo yana sonta sosai, amma harawar gyaɗa da ta wake suna da nauyi, abin gina jiki da kalsiyam sun yi yawa a ciki. Ga 'ya'ya masu tasowa da uwa mai shayarwa tana da kyau, zomanyata Fara ma da ita na riƙe ta lokacin da take goyon su Ɗan Fari. Shi kuwa yanzu ya wuce shekara, ya gama girma, harawa ƙara masa ƙiba za ta yi, kuma zomo ta fitsari yake fitar da rarar kalsiyam, ɗan fari-fari in ya bushe ba komai ba ne, amma in kika ga fitsarin ya yi kauri yana barin tabo mai laka-laka, ko yana yunƙuri kafin ya yi, to mafitsara ta fara tara tsakuwa. Ɗan kaɗan sau biyu a sati ya isa. Abin da za ki nema ciyawar daji ce irin ta shanu da dawaki, ƙyasuwa da aka yanka kafin ta yi kai, gamba tun tana ƙarama, kiri-kiri. Ki shinshina kafin ki biya, mai kyau ƙamshi take yi kuma da sauran kore a jikinta, in kin ji warin ruma ko kin ga baƙi-baƙi ki bar musu kayansu, zomo ba ya jure gubar rumar nan ko kaɗan. Ki duba kar a haɗo miki da ƙarangiya. Ɗanyar ciyawa ma yana ci, amma ba ta bakin titi ba, ba ta gefen gonar da aka yi feshi ba, kuma kar a bar ta ƙunshe cikin leda ta yi zafi ta fara tsami.

Na san yanzu bazara ce ciyawa ta yi wuya. Ina da buhu biyu da na shanya a inuwa tun ƙarshen damina, zan ba ki ɗaya. Yaya yana da direban da yake bin Marwa zuwa Kusiri, in ya iso sai maigidanki ya tsallako gadar Ngeli ya karɓa, ki ce masa ni na ce kar ya ji kunyar ɗaukar buhun ciyawa a bayan mota, ai ɗiyarsa ce ta yi kuka sai da aka ba ta zomon. Zan cusa miki busasshen kifin Lagdo a leda daban.

Ganye kuma kullum tuli ɗaya kamar girman kansa, safe rabi yamma rabi. Ku da kuke da lambuna a bakin Shari ba ku da matsala, ganyen karas da masu sayarwa suke yankewa su zubar, ganyen dankalin Hausa, salati mai duhun kore, farsil, zogale ɗan kaɗan, kabeji ma kaɗan don yana sa iska. Ki wanke sosai saboda magani. Tunda bai saba ba kar ki zuba masa duka rana ɗaya, iri ɗaya za ki fara da shi, ɗan ganye biyu, ki duba kashinsa washegari, in ya yi ruwa ki dakata. Shi karas ɗin kansa da mangoro da ayaba alawa ce a wajensa, yanka ɗaya kamar kan babban yatsa, sau biyu a sati, ga lokacin mangoro ya zo na san Auta, ki ja mata kunne. Albasa, tafarnuwa, piya, ganyen dankalin turawa, ɗanyen ganyen rogo, waɗannan ko kusa. In kuna da tumfafiya ko zurma ko bini-da-zugu a bayan gida kar ya je wurin.

Giranile, wato abincin zomo na kamfani mai ƙwaya-ƙwaya, da ake sayarwa a shagunan abincin kaji, ki sani yawancinsa don zomayen yanka aka haɗa shi, a ƙosa su cikin wata uku a kai kasuwa. Ƙa'idar da ake bayarwa giram 25 ga kowane kilo na nauyinsa a rana, wato in kilo biyu ne giram 50, shi da yake neman ragewa ma ƙasa da haka. Abincin kaji ba nasa ba ne, turton auduga, wato abin da ya rage bayan an matse man 'ya'yan auduga, shi ma na shanu ne, akwai wani sinadari gosifol a ciki da yake cutar da dabbar da ba ta tuƙa.

Sai dai ƙawata kar ki ce na ce ki sa shi azumi. Zomo mai ƙiba in ya kwana da yunwa kitse yake taruwa a hantarsa, abin ya fi ƙibar haɗari. Biredi da shinkafa da makala ki yanke yau, dusa da giranile kuwa ki riƙa ragewa kaɗan kaɗan cikin sati biyu zuwa uku, ciyawa na gabansa kullum. Zai yi fushi, zai kifar da kwano, zai riƙa bin ƙafarki yana kallonki, ke kuma ga tausayi, ki daure. Ki sa shi a kwando ki kai wajen mai sikeli a layinku sau ɗaya a sati ki rubuta. Ki kuma shafa gefensa da tafin hannu, ya kamata ki ji haƙarƙari ba tare da kin danna ba, amma in ƙashin baya ya fara tsini to ragewar ta wuce gona da iri. Da yamma in rana ta yi sanyi a sake shi tsakar gida ya yi gudu, a sa ido saboda kyanwa da wayar kuran, wato lantarki.

Ruwa a kwano mai nauyi da ba zai ture ba, na ƙasa ya fi don yana riƙe sanyi, yakan sha mililita 50 zuwa 150 a kowane kilo a rana, a zafin nan fiye ma. Zomo ba ya zufa irin tamu, ta kunne yake rage zafi, da an wuce digiri 30 ya fara wahala, mu kuwa da ku Afirilu sama da 40 muke gani. Ki daskarar da gorar ruwa a firigo ki naɗe da tsumma ki ajiye masa ya jingina, ki shafa masa ruwa a kunnuwa da rana tsaka, kejin kar ya kasance ƙarƙashin rufin kwano.

Abu ɗaya da nake roƙonki da girman Allah. In kika ga ya yi awa 12 bai ci ba ko bai yi kashi ba, ya takure a lungu yana cizon haƙora, ciki ya yi tauri, kar ki jira gobe, ki nemi likitan dabbobi a ranar, a Farsha akwai cibiyar binciken dabbobi, a nan za ki samu mai nuna miki wanda ya san zomo. Kuma kar ki bari kowa ya buɗe kafso ya ɗura masa. Amoksisilin da ampisilin ta baki kashe ƙwayoyin cikinsa na kirki suke yi, gudawa ta biyo baya. Maƙwabciyarmu ta bayan masallaci haka ta rasa nata guda biyu, wani mai tallan magani ne ya ce ta jiƙa musu a ruwan sha, ta kira ni da sassafe na tarar da su kwance jikinsu duk ya ɓaci, yaranta suna ta kuka. Zomon gida in an kula da shi yana kai shekara 8 har 12, ina so Auta ta shiga kolej yana nan, Fara ga ta nan har yanzu tana haye buhu da tsalle ɗaya.

Ranar Lahadi mun je kasuwar Pitowa da Goggo, kin san wa na gani a rumfar masu tabarma? Malamarmu ta lissafi, ta tsufa amma muryar na nan, sunanki ta fara tambaya, ta ce wai har yanzu kina cin gyaɗa a ɓoye? Na ba ta lambarki, in kin ga baƙuwar lamba ta Kamaru ki ɗauka. Benuwe ya ja baya sosai, yara na ta wasan ƙwallo a kan yashi, Yaya kuma ba a magana da shi in Coton Sport ba ta ci ba.

Ki turo min nauyin Ɗan Fari da hoton kashinsa na safe, kar ki yi dariya da gaske nake, a nan zan gane ko cikin ya fara daidaita. Ki gaida maigidan da yara, ki ce wa Auta Fara na gaishe ta. Goggo ta ce in kin tashi aiko da turaren wutan ki haɗo mata da humra, wancan ya ƙare tun kafin azumi.

Taki har kullum,
Maman Ummi