Sanarwa ga masu tafiya aikin sa-kai

Salam ƴan uwa, da fatan kowa na lafiya. Waɗanda sunansu ya fito a tafiyar aikin sa-kai ƙasar waje, don Allah a duba fasfo yau ɗin nan. In saura ƙasa da wata 6 ya ƙare a je a sabunta, ƙasashe da yawa ba sa barin mutum ya shiga da irinsa. Sai allurar shawara, katin nan sai an kwana 10 da yin allurar yake fara aiki, wanda ya bari sai ana gobe tafiya to ya kuka da kansa.

Aikin dai gyaran ajujuwa ne da fenti, a taho da tsofaffin kaya da takalmi mai rufi, waccan tafiyar wani da fararen kaya sababbi ya fito, kafin rana ta yi tsaka fenti ya gama da su. Ni abin da ya fi damuna hoto ne wallahi, kar a ɗauki yaran mutane a watsa a Facebook ba a tambayi iyayensu ba. Mai tambaya ya yi min magana ta gefe.