A cike guraben malamai kafin tarihin makarantunmu ya zama labari

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke alfahari da tarihin tsofaffin makarantun sakandarenmu, alhali guraben malamai a makarantun gwamnati suna daɗewa ba a cike su ba.

Zan kafa hujja da Kwalejin Barewa ta Zariya, domin ita ce aka fi ambata idan ana maganar tarihin ilimin boko a Arewa. An kafa ta a Katsina a 1921, zamanin Gwamna Hugh Clifford, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ta kuma samu sunan Barewa a 1971. Kowa ya san sunayen da ake jerawa: Sardauna Ahmadu Bello, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Malam Aminu Kano, Shehu Shagari, Yakubu Gowon, Murtala Muhammad, Umaru Musa 'Yar'aduwa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tun asali an buɗe kwalejin ne domin horar da malamai, kuma na farko-farkon cikin waɗannan mutane da alli suka fara aiki. Sardauna ya koyar a Makarantar Midil ta Sakkwato bayan ya gama a 1931, Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama shugabanta, Malam Aminu ya koyar a Bauchi da Maru, Shagari kuma ya koyar a Sakkwato da Argungu. Hatta gidajen kwanan ɗalibai na kwalejin, akwai masu ɗauke da sunayen malamanta na farko, irin su Malam Bello Kagara da Malam Nagwamatse. Waɗanda suka raɗa waɗannan sunaye sun san a hannun wa martabar makaranta take.

Taken kwalejin, "Man jadda wajada", wato wanda ya yi ƙoƙari zai samu, yana rubuce inda kowane ɗalibi zai gani, kuma kusan kowace tsohuwar makaranta tana da irin nata taken. To amma rubutu a bango ba ya tarbiyya. Kiyaye lokaci, tsabta, riƙon amana, girmama na gaba, da zama lafiya tsakanin ɗan Katsina da ɗan Idoma a ɗaki ɗaya, duk yaro yana koyonsu ne daga malamin da yake gani kullum, wanda yake zagaya gidan kwana bayan sallar isha'i, yake tsayawa a ɗakin cin abinci, yake gane cewa yaro ba shi da lafiya tun kafin ya buɗe baki. Irin wannan malami ba a samunsa a zango ɗaya na karatu. Sai ya daɗe a makaranta, ya gaji al'adarta daga waɗanda ya tarar, ya kuma miƙa ta ga waɗanda suka zo bayansa.

A wata makarantar gwamnati da na koyar kafin in yi ritaya, malamin lissafi ɗaya ne ya riƙe manyan azuzuwa gaba ɗaya bayan abokin aikinsa ya rasu. Da ya fita wani aji sai ya shiga wani, muryarsa ta dushe kafin azahar, littattafan aikin gida kuwa sun taru a teburinsa har ya daina karɓa, domin ba shi da lokacin dubawa. Ɗakin gwaje-gwajen kimiyya yana kulle, kwalabe sun yi ƙura, makullin yana aljihun mataimakin shugaban makaranta saboda babu wanda za a damƙa wa. Da jarrabawar WAEC da NECO ta gabato, sai iyaye suka fara neman hanyar da ba ta dace ba. Ni a ganina, a nan satar amsa take samun gindin zama, domin yaron da ba a koyar da shi ba, ga shi kuma an ce lallai sai ya ci lissafi da Turanci kafin ya shiga jami'a, an riga an tura shi bakin wannan hanya.

Dabarun da ake toshe giɓin da su ba sa wadatarwa. Masu yi wa ƙasa hidima suna ƙoƙari, amma shekara ɗaya suke yi su tafi, da yawansu kuma ba koyarwa suka karanta ba. Malaman da ƙungiyar iyaye da malamai take ɗauka, abin da ake ba su bai kai ya riƙe mai iyali ba, shi ya sa da sun samu wani aiki sai su ajiye allin. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022, wadda ta kai ritayar malamai zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a aiki, ta jinkirta tafiyar tsofaffin hannu a inda aka yi aiki da ita, amma ba ta kawo sabon malami ko ɗaya ba.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatun ilimi na jihohinmu da hukumomin ɗaukar malamai su riƙa bayyana guraben da ke akwai makaranta-makaranta, darasi-darasi, a jarida da rediyo, har da Hausa, domin mai digirin kimiyyar sinadarai da ke zaune a Giwa ko Soba ya ji da kunnensa. A nemi rajistar TRCN, wato hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa, a yi jarrabawa a rubuce, sannan a sa mai neman aikin ya shiga aji ya koyar a gaban masu tantancewa, kada wasiƙar wani babba ta zama ita ce sharaɗi. Masu takardar koyarwa ba su yi ƙaranci ba, Jami'ar Ahmadu Bello da manyan makarantun horar da malamai na Zariya da Gidan Waya suna yaye su kowace shekara. Ya kamata kuma ya zama ƙa'ida cewa duk malamin da ya yi ritaya, ko ya rasu, ko aka yi masa canjin wurin aiki, a maye gurbinsa kafin zango mai zuwa.

Ga ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai kuwa, na Barewa da Alhudahuda da Rumfa da Keffi da Queen Amina, ina yaba abin da suke yi na gyaran azuzuwa da haƙa rijiyoyin burtsatse, Allah ya saka musu da alheri. Roƙona shi ne su ware kaso mai tsoka na abin da suke tarawa domin malamai: a gyara gidajen malamai na cikin makaranta yadda mutum zai yarda ya zauna da iyalinsa kusa da ɗalibai, a sa wani ƙarin alawus ga masu koyar da lissafi da kimiyya, a kuma ɗauki nauyin karatun ɗalibai masu hazaƙa da suka amince za su dawo su koyar na wasu shekaru. A cikinsu akwai gwamnoni da 'yan majalisa da manyan sakatarori, kuma idan suka je ma'aikatar ilimi da jerin guraben da ke makarantarsu a rubuce, za a saurare su fiye da yadda za a saurari shugaban makaranta shi kaɗai.

Wassalam.

Naka mai karanta jaridarka,
Malamin makaranta mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya.