Amsa ga ƙanena mai tambaya kan jesin Arsenal

Assalamu alaikum, ƙanena.

Ranar Asabar a gidan kallo ka ɗaga murya a gaban jama'a ka ce: "Yaya, me ya sa har yau kake sa wannan tsohuwar jesin mai O2? Ba Emirates ne ke ɗinka wa Arsenal riga tun asali ba?" Hayaniya ta hana ni amsawa, shi ya sa na rubuto a inda kowa zai gani, don na lura ba kai kaɗai ke da wannan ruɗanin ba.

Emirates ba tela ba ne, kamfanin jiragen sama ne na Dubai. Kuɗi yake biya a rubuta sunansa a ƙirji, kuma sai 2006 ya fara, shekarar da aka bar Highbury, tsohon filin wasan Arsenal. Kafin shi O2 ne daga 2002, kafin nan Sega, kafin nan kuma JVC, wanda ya zauna a ƙirjin tun 1981 har 1999. Mai ɗinki shi ne wanda ƙaramin tambarinsa ke gefen dama na ƙirji. Umbro ya riƙe aikin har 1986, Adidas ya karɓa zuwa 1994, Nike ya yi shekara 20 cur, Puma ya yi biyar daga 2014, sannan Adidas ya dawo a 2019.

Amma ni ba sunan kamfani nake fara dubawa ba, hannun riga nake dubawa. Da farko jesin ja ce baki ɗaya, ja mai duhu. Koci Herbert Chapman ne ya sa aka yi mata fararen hannuwa a 1933, kuma wannan ne ya bambanta ta da sauran jajayen riguna na Ingila. An ɗan cire farin a tsakiyar shekarun 1960, ba a daɗe ba aka mayar. Sai kakar 2005 zuwa 2006, ta bankwana da Highbury, Nike ya fito da wata mai launin zoɓo mai kauri, ba fari a hannu, don tunawa da rigar 1913, shekarar da aka tare a filin. Henry ya yi kyau a cikinta, ban musa ba. Duk da haka na ji daɗi da kaka ɗaya kawai ta yi.

Jesin waje kuwa, ruwan ɗorawa ce ke da tarihi. A cikinta Michael Thomas ya ci Liverpool a Anfield a 1989, a mintin ƙarshe, aka ɗauki kofin lig. A 1991 Adidas ya yi wata mai zane-zane masu duhu birjik, har Turawa suka laƙaba mata "ayaba mai tabo". An yi ta yi mata dariya a lokacin, yau kuwa masu tara tsofaffin riguna rububinta suke. Wasan waje da ba zan manta ba shi ne na Oktoban 1999. Chelsea na gaba da ci biyu a Stamford Bridge, ana ruwa, Kanu mai lamba 25 ya zura uku cikin minti 15 na ƙarshe. Ta ukun daga bakin layi ya buga ta, bayan ya yanke mai tsaron gida, daga inda ba mai tsammanin ƙwallo za ta shiga.  Rabin 'yan Arsenal na unguwarmu daga lokacin Kanu suka shigo.

Na zamanin Puma ba su kwanta min ba, sun cika matse jiki, irin wanda mai tumbi kamata ba ya kusanta. Ta waje ta 2024 kuwa, baƙa mai ratsin ja da kore, wadda Adidas ya yi tare da kamfanin tufafi na Labrum, na Foday Dumbuya ɗan asalin Saliyo don girmama magoya baya na Afirka, wannan na yaba.

Tawa mai O2 ita ce irin wadda aka sa a kakar 2003 zuwa 2004, wasan lig 38 ba a doke mu ko sau ɗaya ba. A gwanjon Ƙofar Wambai na tsince ta, harafi ɗaya na bayanta ya ɓare, wuyan ya saki. Ka zo gida ranar Juma'a in nuna maka inda tambarin Nike yake, amma ba zan ba ka aro ba.

Yayanka.