Rahoton ayyukan shekara ga membobin ƙungiyarmu ta masu tara tsofaffin kuɗi, Jos

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Aikin da ya fi cin lokacin kwamiti a bana shi ne bin diddigin tsofaffin kuɗin da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp da sunan da ba nasu ba.

Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne waɗanda ake cewa wai "kuɗin zamanin Annabi" (SAW) ne, masu kalmar shahada da sunayen halifofi huɗu. A wancan zamani dinarin Rumawa da dirhamin Farisa ake kashewa. Dinarin Musulunci mai rubutu zalla sai a shekara ta 77 bayan Hijira Halifa Abdulmalik bin Marwan ya buga shi, dirhami ya biyo baya a 79. Galibin waɗannan da ake yayatawa daga Indiya suka fito, kuma tun asali ba kuɗi ba ne. Mutum ya zuba dukiyarsa don ƙaunar Manzo a ba shi tagulla, wannan ba ƙaramin zalunci ba ne.

Sai liyari, wato tsohon kuɗin azurfa mai hoton sarauniyar Ostiriya. Mai sayarwa ya ga 1780 a jiki sai ya tsawwala, alhali shekarar da sarauniya Mariya Teresa ta rasu ke nan, kuma da wannan shekarar a jikinsa aka ci gaba da buga shi har yau. Na ƙwarai azurfa ne, gram 28 da ɗoriya kaɗan. Haka ma kwabo da anini masu huji na 1936 da sunan Sarki Edward na 8 na Ingila: bai cika shekara a sarauta ba, amma an buga su da yawa ainun.

Ba duka masu sayarwar ne macuta ba. Wasu gado suka ci, ba su san abin da ke hannunsu ba. Mun yi musu bayani cikin mutunci, da dama sun gyara tallarsu, wasu suka yi kunnen uwar shegu.

Mun sayi ƙaramin sikeli da gilashin ƙara girma, suna wurin ma'aji. Kada kowa ya tura kuɗi sai ya ga hoton gaba da baya, an kuma faɗa masa nauyi. Baɗi, in Allah ya kai mu, za mu fara darasin karanta rubutun Kufi, wato tsohon salon rubutun Larabci. Waɗanda ake bi kuɗin wata don Allah su biya kafin taro na gaba.

Sakataren ƙungiya