A ba mu tarihin gidan da ke shirya naɗin sarkin Ingila

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan yadda ake kawo mana labaran masarautar Ingila. Da zarar wani babban sha'ani ya taso, sai hankalin masu rahoto ya koma kan sarki da 'ya'yansa da surukansa, wa ya yi fushi, wa ya ƙi zuwa. Jana'izar Sarauniya Elizabeth ranar 19 ga Satumba 2022 da naɗin Sarki Charles ranar 6 ga Mayu 2023 mun sha labarinsu har mun ƙoshi, amma da wuya ka ji an ambaci wanda ya tsara su, wato Edward Fitzalan-Howard, Duke na Norfolk na 18 (Duke babbar sarautar gado ce a Ingila). Gadon aikin ya yi. Tun 1672 muƙamin Earl Marshal, mai shirya naɗin sarki da jana'izarsa da buɗe majalisa, yake a gidansu, wato gidan Howard, kuma a ganina gidan nan ya cancanci shafi guda a jaridarku.

Sarki Richard na uku ne ya naɗa John Howard sarautar Duke na Norfolk a 1483. Shekara biyu kacal ya yi a kai, aka kashe shi tare da ubangidansa a yaƙin Bosworth. Sabon sarki ya ƙwace sarautar, ya jefa Thomas, ɗan John Howard, a kurkukun Hasumiyar Landan. Thomas bai yi zuciya ba. Da aka sake shi sai ya bauta wa gidan da ya ɗaure shi, har a 1513, yana dattijo mai kimanin shekara 70, ya ja dakarun Ingila a yaƙin Flodden, inda aka kashe Sarkin Scotland James na huɗu. Shekara na zagayowa aka mayar masa da sarautar mahaifinsa. Har yau a tambarin gidan akwai hoton zakin Scotland da kibiya ta soke shi a baki.

Labarin ɗan Thomas, Duke na uku, kuwa ba ya daɗin ji, kuma ban ga dalilin yi masa kwaskwarima ba. Biyu daga cikin matan Sarki Henry na takwas 'ya'yan gidansa ne: shi kawun Anne Boleyn ne, kuma baffan Catherine Howard. Dukansu an sare musu kai, ɗaya a 1536, ɗaya a 1542. Shi da kansa ya jagoranci shari'ar Anne, da bakinsa ya furta wa 'yar ƙanwarsa hukuncin kisa, don dai kujerarsa ta tsira. Hakan bai fisshe shi ba. A Janairun 1547 aka kashe ɗansa Henry, wanda mawaƙi ne sananne, shi ma Duke ɗin aka yanke masa hukunci yana jiran takobi, sai sarki ya riga shi mutuwa ranar 28 ga watan. Ya ci gaba da zama a tsare har 1553. Jikansa, Duke na huɗu, bai samu wannan sa'ar ba: a 1572 Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta sa aka kashe shi kan ƙulla makircin auren Mary, Sarauniyar Scotland.

Daga nan sarautar ta kwanta shekara 88, sai a 1660 Sarki Charles na biyu ya mayar da ita ga zuriyar. Mu da muka ga an sauke Sarkin Kano Sanusi na ɗaya a 1963, jikansa ya hau a 2014, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne batun addini. Gidan Howard ya shahara da riƙe ɗarikar Katolika a ƙasar da sarkinta ne shugaban Cocin Ingila, ko da yake wasu daga cikinsu sun sauya sheƙa. Philip Howard, ɗan Duke na huɗu, ya shekara goma a tsare saboda aƙidarsa har ya rasu a 1595, kuma rubutun da ya sassaƙa a bangon ɗakin da aka kulle shi yana nan masu ziyara na gani. Daga 1678 zuwa 1829 doka ta hana mabiya Katolika zama a majalisar masu sarauta, don haka Duke na Norfolk, mai sarautar da ta fi kowace daraja bayan ta 'yan gidan sarki, yana iya zama a waje, ana wakiltarsa a aikin gidansu. Yau ga shi ɗan Katolika ne ke riƙe da sandar zinariya mai baƙin kai, yana tsara yadda za a ɗora wa shugaban wata ɗarika kambi. An kai nan ne bayan an zubar da jini da yawa, kuma ya kamata matasanmu su san da haka.

Ba ina cewa kowane mai gadon sarauta ya cancanci yi wa jama'a doka ba. A 1999 an sallami mafi yawansu daga majalisa, aka bar 92, sannan a 2024 gwamnatin Keir Starmer ta gabatar da ƙudirin cire sauran, kuma ina ganin hujjarta tana da ƙarfi. Sai dai ƙudirin kujerar majalisa ya shafa, bai soke sarautun ba, bai kuma taɓa aikin Earl Marshal ba.

Roƙona, ranka ya daɗe, shi ne a ware fili ko da sau ɗaya a wata don tarihin irin waɗannan gidaje, a fara da na Howard, a kuma haɗa da hoton fadarsu ta Arundel da ke Sussex ta Yamma.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya